Sarkin Ƙarfi: Yadda muka yi wa Dharmendra mutuwa biyu cikin mako biyu

Ranar Talata, 11 ga Nuwamban 2025, ko kofin shayina ban ƙarasa ba sai ga kiran kawuna daga Maiyama. Dattijo ne da ya doshi shekara 70, kuma ba ya kira da sassafe sai in an yi rashi. Gabana ya faɗi.

Bayan gaisuwa ya ce, "Kai ɗan nan, wanga labari gaskiya ta? Sun ce Sarkin Ƙarhi ya mutu."

Na ce, "Kawu, wane sarki kuma?"

Ya ce, "Na Indiya mana. Ga hoto nan yara sun gwada min."

A nan na gane Dharmendra yake nufi. Na buɗe waya, na tarar zaurukan WhatsApp uku da nake ciki duk sun cika da hotonsa, an mayar da shi baƙi da fari, an jera alamun kuka a ƙasa. Shafukan masoya finafinan Indiya na Facebook kuwa har sun fara rige-rigen wanda zai fi wani iya ta'aziyya.

Mutumin yana raye a lokacin. Yana kwance a asibitin Breach Candy da ke Mumbai, jiki ya yi nauyi, amma da ransa. 'Yarsa Esha Deol ta riga ta fito ta ce labarin ƙarya ne, matarsa Hema Malini ta biyo baya da kakkausar murya a kan gidajen talabijin da suka yaɗa shi. Indiya tana gabanmu da awa huɗu da rabi, don haka a lokacin da mutanen Jega ke tura wa juna saƙon mutuwar, ƙaryatawar iyalinsa ta riga ta yi awanni a intanet. Washegari ma aka sallame shi ya koma gida.

Ya rasu ranar Litinin, 24 ga Nuwamba, yana da shekara 89, saura mako biyu cif ya cika 90.

Ba ina rubutun nan ba ne don in yi wa masoyansa dariya. Ni ma ɗaya ne daga cikinsu, kuma akwai tabo a hannuna na hagu da zai ba da shaida. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne irin ta'aziyyar da muka yi, da abin da ta nuna game da yadda muke riƙe labarin mutuwa a wayoyinmu yanzu.

Wane ne shi a wurinmu

Matashin da ya buɗe ido da fassarar Algaita a waya zai yi mamakin yadda dattijo mai furfura zai kira wani da sassafe saboda ɗan fim ɗin Indiya. To soyayyar ta girmi iyayen wasu. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Labanawa suka fara shigo da finafinan Indiya gidajen siliman Arewa, suka kuwa samu karɓuwar da finafinan Amurka ba su samu ba. Wani masani, Brian Larkin, da ya zauna a Kano a shekarun 1990 yana nazarin silima, ya rubuta laƙabban da Hausawa suka raɗa wa jaruman Indiya. Sanjay Dutt shi ne Ɗan Daba Mai Lasin. Rishi Kapoor, bawan Allah, aka ce da shi Mace. Dharmendra kuwa Sarkin Ƙarfi.

Bahaushe ba ya ba baƙo laƙabi sai ya shiga ransa.

Mu da muka tashi a garuruwa irin Jega, ba a babbar silima muka san shi ba. A gidan kallo muka san shi: rumfar kwano, bencina, talabijin guda a kan tebur, bidiyo mai kaset, janareta yana ruri a waje. Kaset ɗin ya sha kallo har hoton ya koɗe. Babu fassara, babu mai jin Indiyanci, amma a kowane benci akwai wani gwani da ya kalli fim ɗin sau goma, yana ba da labari tun kafin abin ya faru, ana ta yi masa tsawa. Idan bos ya tara yaransa suka kewaye akta, sai ka ji wani daga baya ya ce a kwantar da hankali, akta ba ya mutuwa.

Ina ɗan shekara 11 na yanke shawarar cewa abin da Sarkin Ƙarfi ke yi ni ma zan iya. Na hau katangar makwabta na diro a kan wani ƙanena da ke matsayin bos. Bos ya kauce. Da yamma aka ɗauke ni a mota zuwa Aliero wurin masu ɗori, mahaifina bai ce mini uffan ba har muka isa. Tsohon da ya ɗora hannun ya tambayi abin da ya faru, da aka gaya masa sai ya yi murmushi kawai, alamar ba ni ne na farko ba. Ina jin da masu ɗorin Aliero suna ajiye littafi, da jaruman Indiya da na Sin sun samu shafi nasu a ciki.

Shi kansa ɗan ƙauye ne. An haife shi ranar 8 ga Disamban 1935 a yankin Ludhiana na jihar Punjab, mahaifinsa malamin makaranta. Gasar neman sababbin fuskoki ta mujallar Filmfare ce ta kai shi Bombay, ya fara fitowa a fim a 1960. Phool Aur Patthar na 1966 ya mayar da shi tauraro, daga nan sai Mera Gaon Mera Desh a 1971, Seeta Aur Geeta a 1972, Jugnu da Yaadon Ki Baaraat a 1973, Sholay a 1975, Dharam Veer a 1977, Hukumat a 1987. Ya yi finafinai fiye da 300. Ya taɓa siyasa, ya wakilci Bikaner a majalisar dokokin Indiya daga 2004 zuwa 2009. A ƙarshen rayuwarsa ya fi zama a gonarsa ta Lonavala, yana saka bidiyon shanu da kayan lambu.

Indiyawa da yawa za su ce maka ya fi nuna gwaninta a finafinan da babu dambe a ciki, irin Satyakam na 1969 ko na barkwanci Chupke Chupke na 1975. Mu waɗannan ba su dame mu ba. Mai gidan kallo ya san in ya saka fim aka yi rabin awa ba a naushi kowa ba, za a fara neman a mayar da kuɗi.

Amma akwai abin da ya wuce naushi, kuma sai da na girma na lura da shi. Ka duba labarin Mera Gaon Mera Desh. Ƙaramin ɓarawo ne ya fito daga kurkuku, wani tsohon soja mai hannu ɗaya ya kai shi ƙauyensu. Ƙauyen na ƙarƙashin wani ɗan fashin daji, Jabbar Singh, wanda Vinod Khanna ya fito a matsayinsa. Kowa ya san ta'asar da yake yi, amma babu mai iya ba da shaida a kansa saboda tsoro. Sai Sholay: ƙauyen Ramgarh, Gabbar Singh a cikin duwatsu, yaransa suna saukowa a kan dawaki suna karɓar hatsi a matsayin kuɗin zaman lafiya, gwamnati ta sa ladan rupi 50,000 a kansa amma ta kasa kama shi. Tsohon ɗan sandan da Gabbar ya yanke wa hannuwa biyu ya ɗauko ɓarayi biyu haya, Veeru da Jai, su yi masa aikin.

Lokacin da muke kallon wannan a kan benci, tatsuniya ce daga wata duniya. Wa zai yarda cewa wani zai zauna a daji yana sa wa manoma haraji? Yau ka kunna wa mutumin Danko-Wasagu ko Sakaba wannan fim, ko mutumin Augie, ka ga ko zai yi dariya a inda muke yi.

Wani abu da yawancinmu ba mu sani ba: ƙarshen Sholay da muka kalla ba shi ne wanda Ramesh Sippy ya fara ɗauka ba. A na farkon, tsohon ɗan sandan ya kashe Gabbar da kansa. Hukumar tace finafinai ta Indiya ta ƙi amincewa, a zamanin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, sai aka sake ɗauka, 'yan sanda suka iso a minti na ƙarshe suka tafi da shi. Tun shekara 50 da suka wuce ana gardamar da muke yi yau, ta wa ke da ikon hukunta ɗan bindiga idan hukuma ta makara.

To mutumin da ya ba ka irin wannan, in ya mutu ka ji wani abu a ƙirjinka, ba abin kunya ba ne. Masu cewa "ina ruwanku da mutuwar Ba'indiye" su ma in Ronaldo ya ji ciwo ba sa barci.

Wa ke cin ribar gawar

Za a iya ce mini, ai ba laifin yaran Facebook ba ne. Manyan gidajen talabijin na Indiya ne suka fara. Ministan tsaron ƙasar, Rajnath Singh, ya wallafa ta'aziyya. Javed Akhtar, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka rubuta Sholay, shi ma ya wallafa. In minista mai jami'an leƙen asiri ya ruɗu, me za a ce wa yaron da ke sayar da kati a tashar Jega?

Gaskiya ne, kuma ba yau aka fara ba. A nan gida, a Nuwamban 1989, an sanar da mutuwar Nnamdi Azikiwe, har manyan 'yan siyasa suka fara shirin jana'iza. Ya ƙara fiye da shekara shida a duniya, sai Mayun 1996 ya rasu. An kashe Jackie Chan a intanet tun 2011, an kuma sake kashe shi bayan nan ba sau ɗaya ba. A Fabrairun 2018 aka yaɗa hotunan Sylvester Stallone a rame, wai ciwon daji ya kashe shi, sai da ya fito da kansa ya ce yana nan garau. Mu kuma mun sha labarin Jibrin ɗan Sudan, har sai da Buhari ya tsaya a Poland a Disamban 2018 yana tabbatar wa mutane cewa shi ne shi.

Sai dai ministan ya goge nasa da gaskiya ta fito. Shafukan da na bi diddiginsu a ranar, yawanci ba su goge ba. Wasu sun saka sabon rubutu, "Alhamdulillah ashe yana raye", suka bar na mutuwar yana ci gaba da tara sharhi a ƙasa. Kowanne ya kawo musu jama'a. Ranar 24 ga wata suka ɗauko hoton da suka yi amfani da shi tun farko suka sake sakawa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun tsakiyar 2024 kamfanin Meta ya buɗe wa masu shafuka a Najeriya hanyar samun kuɗin talla a Facebook. Yawan masu kallo da masu tsayawa a kan abin da ka saka, shi ne yawan abin da za ka samu, kuma injin da ke yanke wa zai ga me ya fi tura abin da mutane ke ta sharhi a kai. Babu kayan da ke jan sharhi a wurin Bahaushe kamar mutuwa, domin an tarbiyyantar da mu cewa ba a wuce labarin rasuwa ba a ce komai ba. Kyakkyawar ɗabi'a ce, ita ce kuma aka mayar jari. Kai kana ganin addu'a ka yi, mai shafi yana ganin lamba ta ƙaru.

Ban ce kowane mai shafin masoya ɗan kasuwa ne ba. Na san wasu da kuɗin datarsu suke ƙonawa saboda so kawai, kuma sun san tarihin finafinan nan fiye da ni. Amma so ba ya hana a duba.

Abin da ke ba ni mamaki, mutanenmu gwanayen tantance labari ne in kuɗinsu ne a ciki. Je ka Aliero lokacin da albasa ta fito. Ka ce wa manomi buhu ya faɗi a kasuwar Mile 12 ta Legas, ka ga ko zai sayar maka a kan maganarka. Zai kira ɗan'uwansa da ke can. Zai kira direban da ya sauke kaya jiya. Zai kira wani dillali na daban wanda ba ya shiri da na farkon. Sai ya haɗa bakin mutum uku kafin ya buɗe rumbu. Wannan mutumin dai, a turo masa hoto an ce wane ya mutu, kafin ya gama karantawa ya tura wa zaure biyar.

Kuma duk mun san aya ta 6 ta Suratul Hujurat, wadda ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi. Muna jin ta a wa'azi. Ba mu ɗauka ta shafi maɓallin turawa ba.

Wani zai ce, to me aka rasa? Dharmendra bai san da zaman Maiyama ba, iyalinsa ba za su taɓa ganin abin da muka rubuta ba. Haka ne. Su nasu tashin hankalin a can suka sha shi: an ɗauki bidiyonsa a ɓoye yana kan gadon asibiti iyalinsa na kuka a kansa, aka watsa, har babban ɗansa Sunny Deol ya fito ƙofar gida yana yi wa masu kyamara faɗa. Wannan bidiyon ma ya iso wayoyinmu, mun kuma tura.

Abin da aka rasa a nan gida yake. Hannun da ya saba tura mutuwar ɗan fim ba tare da tambaya ba, shi ne zai tura ta maƙwabci. A da in mutum ya rasu a tafiya, dattijo ake nema ya je gidan. Ba ya shiga da maganar kai tsaye. Zai zauna, a gaisa, ya ce jikin wane ya tsananta, ya bari zuciya ta shirya, sannan ya faɗa. Akwai hikima a wannan jan ƙafar. Yanzu in mota ta kife a hanyar Jega zuwa Koko, kafin a ciro mutane wani ya riga ya ɗauki fuskokinsu ya saka a sitatus. Na san gidan da uwa ta gane rigar ɗanta a wayar 'yar maƙwabta. Na kuma san wanda ya dawo daga asibiti da sanda ya tarar an kwana biyu ana yi masa addu'ar samun rahama.

Sai rigimar addu'a

Ranar da ya rasu da gaske, wata tsohuwar gardama ta tashi, wadda ke tashi duk lokacin da wani sananne wanda ba Musulmi ba ya mutu. Wani ya rubuta "Allah Ya jiƙansa", mutum hamsin suka yi masa ca. Daga nan sai zagi, har da iyaye. Mai shafi yana gefe yana kallon lamba tana hawa, domin injin bai san bambancin addu'a da ashar ba.

Ni ba malami ba ne, kuma matsayin malamanmu a kan nema wa wanda ya mutu ba a kan Musulunci ba gafara sananne ne, suna kafa hujja da aya ta 113 ta Suratut Tauba. Wanda bai sani ba a gaya masa cikin mutunci. Amma malaman nan dai su ne suke karantar da mu hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude. Tsakanin addu'ar gafara da zagin gawa akwai fili mai faɗi. Kana iya cewa mutumin ya iya sana'arsa, ya faranta maka rai kana yaro, kana taya iyalinsa jimami. Babu wanda zai kama ka da laifi.

Abin da ya fi damuna shi ne mafitar da wasu suka nemo: suka musuluntar da shi. Aka dawo da tsohon zancen cewa ya karɓi Musulunci ya koma Dilawar Khan. Zancen yana da asali. Ya auri Prakash Kaur tun 1954, sannan ya auri Hema Malini a 1980 ba tare da ya rabu da ta farkon ba, alhali dokar auren Hindu ta 1955 ta hana ƙarin mace. Shi ya sa aka daɗe ana raɗe-raɗin cewa ya sauya addini ne don auren ya yiwu. Abokan hamayyarsa sun tayar da maganar lokacin zaɓen 2004, shi kuma ya musanta. Da ya mutu, ƙona gawarsa aka yi a Mumbai bisa al'adar Hindu, Amitabh Bachchan da sauran manyan jarumai suna wurin.

Abin da ke zuciyar mutum Allah ne Ya sani. Amma abin da ya faɗa da bakinsa da abin da iyalinsa suka yi a fili suke. Yanzu kuma da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka zo, ba wuya a ɗora wa kowa hula da carbi, a tsayar da shi a gaban Ka'aba. Muna son mutum, sai mu ji ba za mu iya sonsa yadda yake ba, sai mun yi masa ƙarya. Wannan ba girmamawa ba ce, ga shi ko ga addinin.

Tsakanin mutuwar ƙarya da ta gaske

Kwana 13 ne tsakanin 11 da 24 ga Nuwamba. A tsakiyarsu, da asubahin Litinin 17 ga wata, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga a Ƙaramar Hukumar Danko-Wasagu, a nan jiharmu. Suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka tafi da ɗalibai 25. Ɗaya ta kuɓuta, sauran 24 aka sanar da sakinsu ranar 25 ga wata, kwana ɗaya bayan rasuwar Dharmendra.

Ba zan ce mutane ba su damu ba. An damu, an yi addu'a a masallatai, an yi ta magana. Amma ka gwada wani abu a majalisarku yau. Tambayi sunayen 'ya'yan Dharmendra maza, za a ce maka Sunny da Bobby kafin ka rufe baki. Sai ka tambayi sunan malamin da aka kashe a Maga, shekara nawa ya yi yana koyarwa, wane darasi, 'ya'ya nawa ya bari.

Haka mutanen Mera a Ƙaramar Hukumar Augie, waɗanda a Nuwamban 2024 suka bi sawun Lakurawa da suka kore musu shanu, aka kashe 15 daga cikinsu. Wannan shi ne fim ɗin da muke tafa wa a gidan kallo, ƙauye ya ce ya gaji. Sai dai a nan aktocin sun mutu, kuma lamba kawai muka riƙe.

Ba ina cewa a daina yabon na nesa sai an gama da na gida ba. Zuciya ba buhu ba ce da za ta cika. Ina cewa ne mun iya wannan aikin, mun nuna mun iya, ga hotuna, ga tarihin haihuwa, ga jerin ayyuka, duk a cikin awa guda. Kuma yabon mai ƙarfi gadonmu ne. Ɗan Anace ya sa sunan Shago ya wuce zamaninsa, har wanda bai taɓa shiga filin dambe ba ya san shi. Ƙetaren iyaka a Dosso, Issaka Issaka ya ɗauki takobin kokawar Nijar sau da dama, kuma yaran can sun san shi kamar yadda muka san Veeru. Bambancin shi ne makaɗin dambe yana bakin fili lokacin da aka yi kisan, da idonsa ya gani. Mai yabon yau kwafowa yake daga shafin Turanci, ya zuba a manhajar fassara, ya manna. Shi ya sa ta'aziyya ashirin da na karanta duk kusan jimla ɗaya ce, har kuskuren ma iri ɗaya.

Ta'aziyyar da nake son karantawa babu wanda ya rubuta ta, kuma Ba'indiye ba zai iya rubuta ta ba. Wa ya fara kawo bidiyo Jega? Daga ina ake ɗauko kaset, Sakkwato ko Kano? Nawa ne kuɗin shiga? Wane fim ne aka yi mako ana maimaitawa? Me malaman gari suka ce, kuma yaya aka ƙare? Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan yadda finafinan Indiya suka shiga jinin fim ɗin Hausa, Larkin ya yi na silimun Kano. Namu na wannan yanki yana cikin kawunan dattawa irin kawuna, kuma kullum ana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Ga ɗalibai cike da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, kowa da wayar da ke ɗaukar murya. Mai shafin da ya zauna da tsohon mai gidan kallo na awa ɗaya zai samu abin da babu wani shafi a duniya da ke da shi, kuma ina kyautata zaton har lambar da yake nema zai samu.

Ranar 24 ga wata ni na kira kawu. Sai da na ga sanarwar a kafofi uku, na ga ta'aziyyar Firaminista Narendra Modi, na ga hotunan masu shiga wurin ƙona gawar, sannan na danna lambarsa.

Na ce, "Kawu, wannan karon da gaske ne. Sarkin Ƙarfi ya tafi."

Ya ce, "Wancan karon ma haka kunka ce."

Na ce ba ni na ce ba, shi ne ma ya kira ni. Bai saurare ni ba. Ya ce zai jira ya ji a rediyo da dare.

Bayan kwana biyu ƙanena ya gaya mini cewa ya gan shi a shagon masu tura finafinai, ya miƙa wayarsa a saka masa Sholay. Yaron shagon ya tambaye shi ko mai fassarar Hausa yake so. Ya ce a'a, a ba shi na asali, ya san abin da suke cewa.